Timiya da kufan Asode, a tsakiyar duwatsun Abzin

Timiya ƙauye ne a cikin duwatsun Ayir, waɗanda Hausawa ke kira Abzin, kimanin kilomita 220 arewa maso gabas da Agadas. Yawancin mazaunansa Abzinawa ne na dangin Kel Ewey. Ƙorama ce ke ratsa shi, ga baƙaƙen duwatsu ta kowane gefe, a gaɓarta kuma sai lambuna.

Lambunan nan su ne rayuwar garin. Ruwa ba ya da nisa a ƙarƙashin rairayin ƙoramar, don haka ake haƙa rijiya a kafa mata itatuwa, raƙumi ko sa ya dinga jan guga yana zuwa yana dawowa, ruwan na bin ƴan magudanai zuwa fangali. Tekarkart suke ce wa wannan dabara, ko da yake injin ban-ruwa ya karɓe ta a lambuna da dama. Ana samun lemo, rumman, inabi da dabino, ga alkama da masara. Mai sayen rumman a kasuwar Agadas, sau da yawa na Timiya ne ya saya.

Ɗaya ƙafar arzikin ita ce ayari. Bayan damina maza kan ɗaure wa raƙuma kaya su ƙetare Tenere zuwa Fashi da Bilma, su ɗauko kantun gishiri da dabino, sannan su gangara Damargu, Damagaram, har Kano, su musanya da hatsi da tufafi. Shi ya sa dattawan Kel Ewey da yawa ke jin Hausa sarai. Dangantakar ma ta girmi ayarin: tarihin baka na Gobirawa ya ce a Abzin kakanninsu suka zauna kafin su yo kudu.

Arewa da Timiya akwai kufan Asode, garin da ake ɗauka tsohuwar cibiyar Abzin. Ya riga ya fara ja baya da hanyoyin fatauci suka karkata zuwa Agadas. Yaƙin Kawsan na 1916 zuwa 1917, da ramuwar gayyar da sojan Faransa suka yi bayansa, sun watsa ƙauyukan duwatsun, Asode kuwa bai sāke tashi ba. Yau sai bangayen dutse, ragowar babban masallaci, da katangar tukwane barbaje a ƙasa, ba mai tsaro. Abin takaici ne ga wurin da ya kai wannan daraja.

A kan tudun da ke kallon Timiya akwai ƙaramin barikin da Faransawa suka gina a shekarun 1950, Fort Massu. Shi da magangarar ruwan da ke kusa da garin ne ke jawo masu yawon buɗe ido a da. Tawayen 2007 ya tsinke wannan kasuwa, motoci sun rage wa ayari aiki, zinariyar Jado kuma tun 2014 ta ja samari da yawa daga lambunan iyayensu.