Daga Ma'ajin En'e Zuwa Kwamishinan Kuɗi



A taronmu na bara, bayan an ci an sha, wani abokin karatunmu ya tare ni a bakin ɗakin taro ya ce, "Malam, kai da kake aikin lissafi a gwamnati, gaya mini tsakaninka da Allah. Mun ji a rediyo an ware kuɗin gyaran makarantu, ga shi ɗakin kwananmu har yau babu rufi. Ina kuɗin suka maƙale?" Na yi ta kame-kame, amsar ba ta fito ba. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami don in ba da tarihin kujerar da duk kuɗin jiha ke bi ta gabanta, wato kujerar Kwamishinan Kuɗi.

Ni mutumin ƙasar Bagudo ne, kuma kakana malamin haraji ne a zamanin En'e. Ƙasarmu bakin iyaka ce tun ranar da Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniya a birnin Faris cikin watan Yuni na 1898, suka bar Illo a hannun Ingila, yammacinta kuma ya faɗa Dahomey, wadda ta koma Benin a 1975. Daga baya Turawa suka cire Illo daga ƙasar Bargu suka haɗa ta da masarautar Gwandu. Wannan ya sa harajin da kakana ya rubuta, Birnin Kebbi yake zuwa.

Tsarin kuwa ga yadda yake. Dagaci ya tara haraji da jangali, ya kai wa hakimi, hakimi ya kai baitulmali, inda Ma'aji zai ƙirga ya ba da rasit. Wannan baitulmali na En'e a Katsina aka fara shi wajen 1910, a zamanin Razdan Palmer, sannan ya bazu a sauran masarautu. A farko rabin kuɗin gwamnatin Turawa ke ɗauka, rabi ya tsaya a baitulmali, a biya albashin sarki da hakimai da alƙalai da dogarai, a gyara hanya da kasuwa. Kada wani ya ce ina yabon wancan zamani. An sha zalunci, an shanya mutane a rana saboda sule biyu, Fulani sun sha tsallaka iyaka da shanunsu don gudun jangali. Amma akwai abu guda: talaka ya san daga aljihunsa kuɗin suka fito, ya kuma san ƙofar da suka shiga.

A can Kaduna kuwa, kuɗin Jihar Arewa suna hannun wani Bature ne mai muƙamin Sakataren Kuɗi, wanda yake zama a majalisar zartarwa. Da mulkin kai ya ƙarato, a 1957, sai kujerar ta koma ta Ministan Kuɗi, aka ba Alhaji Aliyu Makaman Bida, ya riƙe ta har juyin mulkin Janairun 1966. Da Janar Gowon ya ƙirƙiro jihohi goma sha biyu a 1967, muka faɗa Jihar Arewa maso Yamma, sunan kuma ya koma Kwamishina. A 1976 muka zama Jihar Sakkwato, a shekarar ce kuma aka rushe En'e aka kawo ƙananan hukumomi. Ran 27 ga Agusta 1991 aka ba mu Jihar Kebbi, mabuɗin baitulmali ya dawo Birnin Kebbi.

To, mene ne aikin mai wannan kujera a yau? Gwamna ne ke zaɓensa, amma bisa sashe na 192 na tsarin mulkin 1999 sai Majalisar Dokokin Jiha ta amince. Yana zama a majalisar zartarwa, kuma duk wanda ya kawo buƙatar gina asibiti ko titi, shi ake waiwaya a tambaya ko akwai kuɗi. A ƙarƙashinsa akwai Babban Sakatare da Akanta Janar, su ma'aikata ne irinmu, ba su tafiya idan gwamnati ta tafi. Kowane wata kwamishinonin kuɗi na jihohi sukan hallara wajen rabon arzikin ƙasa, inda gwamnatin tarayya ke ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60.

A nan amsar tambayar abokina take. Kasafin kuɗi ƙiyasi ne na abin da ake sa ran samu da abin da ake so a kashe. Ko Majalisa ta amince Gwamna ya sa hannu, kobo ba ya fita sai an rubuta takardar izinin fitar da kuɗi, ita kuma ba a rubuta ta sai kuɗin sun shigo asusu. Idan farashin man fetur ya faɗi, kamar yadda ya faru a 2015 da 2016 lokacin da jihohi da yawa suka kasa biyan albashi, sai a fara da albashi da fansho da bashi, rufin makaranta ya jira. Ashe mafi wuyar aikin Kwamishina shi ne zaɓen wanda zai jira. Mai riƙe da wannan kujera, in ba ya iya cewa "babu" ko da a gaban manya, jiha ta shiga uku.

Babu inda ake ganin canjin da aka samu kamar bakin iyakarmu. Je ka kasuwar Lolo ko Tsamiya, wadda ke fuskantar Segbana ta Benin, ka ga naira da sefa suna canza hannu, ga shinkafa, ga albasa, ga shanu. Mutum zai zaci jiha na kwasar kuɗi a nan. Ina! Kuɗin kwastan na tarayya ne, Abuja suke wucewa, sai an zuba su a asusun ƙasa an raba sannan rabonmu ya dawo. Da aka rufe iyakoki a watan Agusta na 2019, ba a Birnin Kebbi aka yanke shawarar ba, amma ɗan kasuwar Bagudo ne ya ji a jikinsa. Kuɗi sun daina hawa daga ƙauye zuwa birni kamar zamanin kakana, yanzu daga sama suke saukowa. Shi kuwa abin da mutum bai ji zafin fitarsa ba, ba ya bin sawunsa, alhali kuwa dukiyarsa ce.

Rabon ƙananan hukumomi ma ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha, har ran 11 ga Yuli 2024 da Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye.

Saboda haka shawarata ga ƙungiyarmu ita ce mu daina tsayawa a jin kasafi ta rediyo. Mu nemi kundin kasafin mu ga ko sunan makarantarmu na ciki, da nawa aka rubuta. Mu nemi rahoton abin da aka fitar a zahiri, da rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi da ake kai wa Majalisa. Sannan mu rubuta takarda cikin ladabi ta hannun ɗan majalisarmu. Malamin lissafinmu yakan ƙi ba da maki ga wanda ya rubuta amsa bai nuna hanya ba. Mu ma hanyar kawai za mu nemi a nuna mana.

Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Wassalam.