Wa ke juya fankar laftop ɗinka?

1/ Jiya da rana a Mabera laftop ɗina ta mutu sau 2 ina tsakiyar aikin makaranta. Babu gargaɗi, ɗif kawai. Ƙasanta kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Na shiga neman yadda zan tilasta fanka ta ƙara gudu, sai na faɗa cikin wani tarihi. Ku biyo ni 🧵

2/ Da na ɗauka Windows ko Linux ne ke juya fankar. Ashe a yawancin laftop akwai wani ɗan guntu daban a jikin allon injin, sunansa EC, shi ke duba zafi, ya tayar da fanka, ya kula da batir da madannai. Kamfanin da ya ƙera ne ya rubuta masa dokokinsa, kuma ba kasafai yake bayyana su ba.

3/ A 1996 Intel, Microsoft da Toshiba suka fitar da tsarin ACPI, don manhaja ta karɓi ragamar wuta da zafi daga hannun BIOS. A takarda har fanka tana ciki. A aikace kamfanoni da yawa sun bar ta wurin EC, kowa da tasa ɓoyayyar hanyar.

4/ To sai 'yan sa-kai na Linux suka fara lalube. Linux yana da kanel, wato zuciyar manhajar da ke magana da ƙarafunan injin kai tsaye, ta hanyar ƙananan shirye-shirye da ake kira direba. Babu direba, babu magana da fanka.

5/ Laluben bai zo da sauƙi ba. Aikin lm-sensors, da aka fara a 1998 don karanta zafi da gudun fanka, yana bin layukan allo ɗaya bayan ɗaya yana tambayar wa ke nan. A wasu tsofaffin ThinkPad na IBM wannan ƙwanƙwasawar ta lalata wani guntun ajiya, injin ya ƙi tashi gaba ɗaya.

6/ Ka duba fa: mutum ya je auna zafi kawai, ya dawo da gawar kwamfuta 😭 Daga baya suka sa shinge, in shirin ya gane injin IBM ne sai ya ja da baya.

7/ A 2001 Massimo Dal Zotto ya rubuta direban i8k don Dell Inspiron 8000, bayan gano yadda ake roƙon BIOS ya canza gudun fanka. A 2015 aka mayar da shi dell-smm-hwmon, har yau yana cikin kanel.

8/ Wanda ya fi burge ni shi ne na ThinkPad. Borislav Deianov ya fara shi a 2004 da suna ibm-acpi. IBM ta sayar wa Lenovo sashen kwamfutocinta a 2005, a 2007 sunan ya koma thinkpad-acpi a hannun Henrique de Moraes Holschuh.

9/ Direban yana ba ka matakin gudu daga 0 zuwa 7, ko ka bar wa EC. Amma a kulle yake zuwa, sai ka rubuta fan_control=1 da hannunka kafin ya yarda. Har da mai gadi: ka sa masa daƙiƙu, in suka wuce ba ka sake ba da umarni ba, ya mayar da fanka hannun EC. Sun san halinmu, wani zai sa 0 saboda ƙara ta dame shi, ya tafi masallaci.

10/ Ga inda abin ya shafe mu. Takardun laftop da yawa suna cewa a yi aiki da su a wurin da bai wuce digiri 35 ba. Sakkwato a Afrilu muna haura 40. Fanka kuwa ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take turawa kan ƙarfen da ya ɗau zafi. In iskar da zafinta ta shigo, ko mataki na 7 abin da zai iya kaɗan ne.

11/ Ƙara da cewa galibinmu na hannu muke saye, sun sha aiki a Turai kafin su iso, sannan ƙurar hunturu ta cika musu hanci.

12/ Tawa dai direban ya karanta gudun fanka, amma ya ƙi canza shi. Da yamma na kai ta wurin mai gyara, ya buɗe, ya zaro ƙura dunƙule kamar auduga, ya sa sabon man sanyaya a kan furosesa. Yanzu tana kan murafun kwalba guda 4 don iska ta samu hanya ta ƙasa. Tun safe ba ta mutu ba, amma azahar ba ta yi ba tukuna.