Kuɗin Jin Rediyo

'Yan uwana mata, rediyon nan da muke kunnawa muna tankaɗe a tsakar gida, da can ba kyauta ake jin sa ba. A 1944 Turawa suka buɗe tashar rediyo mai waya a Kano. Sai a ja wa gida waya, a kafa akwati a bango, maigida yana biya. Ɗan gari ne ko baƙon Sabon Gari, oho, kuɗin a kan akwati yake. Mu nan Kwandiko wayar ba ta iso mu ba, sai da mai batir ya shigo.

To amma fa kuɗin bai mutu ba. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi, irin su Birnin Kudu da Gwaram, ikon karɓar lasin rediyo da talabijin. In mai karɓa ya yi sallama, kada ki miƙa ko sisi sai da rasit.