Ƙumba: Shaidar Tekun da Ya Kwanta a Ƙasar Sakkwato

A Sakkwatanci kalmar "ƙumba" tana da ma'ana biyu. Ta farko farce ce. Ta biyu ita ce halittar nan ta ruwa mai ɓawo biyu da ke rufuwa kamar tafin hannu, wadda muka ga iyayenmu mata a Jabo suna kankare tukunya da ɓawonta muna yara. A kan ta biyun zan yi magana, domin tana riƙe da wani tarihin ƙasar nan wanda ya girmi girgam ɗin kowace sarauta.

Jabo da Tambuwal da Kebbe suna gefen kudu na wani babban kwari da ya miƙe har cikin Nijar da Mali. Kimanin shekara miliyan 70 zuwa 55 da suka wuce, teku ya gangaro daga arewa, ya kwanta a kan wani sashe mai faɗi na wannan kwari, ya ja da baya, ya kuma dawowa. Duwatsun Dukamaje da Dange da Kalambaina sun adana abin da ya bari: ɓawon ƙumba, haƙoran kifi, da ƙasusuwan kadoji. Har wani ƙaton dabban teku masana suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, don tunawa da Goronyo.

To, yaya kakannin ƙumba suka rayu? Dutse ɓawo kawai yake ajiyewa, nama kuwa ya ruɓe. Sai dai akwai wata 'yar ƙumba a laka ta ƙarƙashin teku har yau, wadda ake kira Nukula. Ba ta fi ƙwayar gujiya girma ba, amma zuriyarta ta haura shekara miliyan 400. Maƙallin ɓawonta jerin ƙananan haƙora ne masu kama da juna, kamar na zarto. Ƙafa ɗaya gare ta, mai tsagaggen tafi: takan cusa ta cikin laka, ta buɗe tafin ya kama, sa'an nan ta jawo jikinta. Ƙumbar gulabenmu da abin numfashinta take tace abinci daga ruwa. Ita Nukula nata ƙarami ne, numfashi ne babban aikinsa. Abinci kuwa wasu siraran leɓɓa take miƙawa waje, su kwaso mata daga laka. Masanin Ingila C. M. Yonge ya bayyana wannan tsari filla-filla a 1939. Daga irin wannan bincike ne aka gane cewa tace ruwa dabara ce da ƙumba ta samu daga baya.

Ga inda maganar ta shafe mu. Tun 1967 ake ƙona farar ƙasar Kalambaina ana yin siminti, kuma wannan farar ƙasa, galibinta ɓawo ne da sauran gawar halittun wancan teku. Ba na ƙin siminti, da shi aka gina ɗakin da muke zaune. Amma abin da ya shiga wuta ya tafi ke nan. Don haka nake roƙon ma'aikatan gwamnati da ke nan su sa a riƙa tsince kyawawan samfura kafin a niƙa dutse, a kuma kai su makarantu. Yaron Jabo da ya riƙe ɓawon teku a hannunsa ba zai ƙara ɗaukar ƙasarsa a kan fako da ƙaya kawai ba.