Asalin Maɗaukin Sauti Mai Ƙarfi a Jitar Lantarki

Duk wanda ya ƙura wa jitar lantarki ido zai ga, a ƙarƙashin tsirkiyoyinta na ƙarfe, wani ɗan akwati mai maganaɗisu a ciki, an naɗe shi da wayar tagulla siririya kamar gashi. Wannan shi ne maɗaukin sauti, wanda in tsirkiya ta girgiza yakan mai da girgizar ta zama lantarki, ya aika da ita amfilifaya. Tun daga 1932 da kamfanin Rickenbacker ya fara sayar da irin wannan jita a Amurka, aibin da ya addabi makaɗa shi ne ƙugin wutar gida da naɗi guda yake kwasowa, har sai da Seth Lover na kamfanin Gibson ya yi hikimar haɗa naɗi biyu masu saɓa wa juna a 1955, ƙugin ɗaya ya kashe na ɗayan, aka ɗora wannan sabon maɗauki a jitar Les Paul a 1957.

To, da zamani ya juya, makaɗan rok na Ingila da Amurka suka kwaɗaitu da gurnanin nan mai kaushi da amfilifaya take yi in an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, alhali amfilifayar Marshall ta lokacin ba ta bayar da shi sai an murɗe ta har ƙarshe, sai buƙata ta haifi sana'a. A 1972 Larry DiMarzio na birnin New York ya fitar da maɗaukin Super Distortion, mai maganaɗisun seramik da juriyar om kusan 13,000, a inda na Lover yake wajen 8,000, ya kuma yi shi daidai ramin tsohon, domin makaɗi ya cire wancan ya sa wannan. Seymour Duncan ya zo da maɗaukin JB mai om wajen 16,000, kamfanin EMG kuwa ya bi wata hanyar dabam, ya rage naɗi, ya sa batir mai bolt 9 ya ƙarfafa sautin, abin da makaɗan ƙungiyar Metallica suka riƙa amfani da shi.

Amma kowace fa'ida da haƙƙinta, domin gwargwadon yawan naɗi, gwargwadon yadda siririyar murya take dusashewa, ta tsakiya ta yi kauri, amo ya daɗe bai mutu ba, taɓawar yatsa a hankali da bugu da ƙarfi su kusa zama ɗaya. Saboda haka, da amfilifayoyi suka koyi yin gurnani da kansu, da yawa daga ma'abota wannan fanni suka koma neman naɗi matsakaici irin na Lover. Hukuncin da ya tabbata shi ne, maɗauki mai ƙarfi ya dace da mai son amo mai kauri da nauyi, wanda kuwa yake son a ji kowace taɓawar hannunsa, matsakaici ya fi masa alheri.