Tsawon Barci da Ingancinsa a Wajen Masu Cutar Sikizofireniya da ke Shan Magani

Tsakure

Maƙalar ta bi diddigin binciken da aka wallafa kan barcin masu cutar sikizofireniya da ke shan magungunan ƙwaƙwalwa. Hujjarta ita ce, daɗewar majinyaci a kwance ba ta tabbatar da cewa ya sami barcin da jikinsa ke bukata ba, kuma auna sauƙi da yawan sa'o'i kaɗai yana ɓoye illar magani da ragowar cutar.

Gabatarwa

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 24 ne ke fama da sikizofireniya, wato mutum 1 cikin 300. Rashin barci yakan riga sauran alamomin cutar bayyana, yakan kuma dawo gabanin ta sake tashi. Shi ya sa da zarar an fara magani majinyaci ya shiga kwana har rana ta take, sai dangi su ce, "Alhamdu lillahi, ya sami sauƙi, yanzu yana barci." Sau da yawa ma'aikacin lafiya ma ba ya wuce wannan tambayar. Masana barci a Amurka sun yi ittifaƙi a 2015 cewa baligi na bukatar sa'o'i 7 ko fiye a kowane dare, amma mai shan wasu daga cikin magungunan nan yakan shafe 10 ko fiye, ya kuma tashi jikinsa a mace. Wannan saɓani ne maƙalar ke son warwarewa.

Abin da cutar ke yi da abin da magani ke yi

Bitar da Chouinard da abokan aikinsa suka wallafa a 2004 kan majinyatan da ba sa shan magani ta nuna cewa sun fi masu lafiya jinkirin yin barci, barcinsu ya fi gajarta, sun kuma fi daɗewa a kwance ido biyu. Ke nan cutar kanta rage barci take yi. Sai ga bitar Nicholas Meyer da abokansa ta 2020 a mujallar Schizophrenia Bulletin, wadda ta tattara sakamakon na'urar auna motsi da ake ɗaurawa a wuyan hannu: majinyatan da cutar ta lafa musu, galibinsu a kan magani, sun fi masu lafiya tsawon barci da daɗewa a shimfiɗa, motsinsu da rana kuma kaɗan ne. Duk da haka jinkirin yin barcin nan yana nan bai gushe ba. Magani ya tsawaita dare, amma bai daidaita shi ba.

Dalilin tsawaitar sananne ne. Tun da Jean Delay da Pierre Deniker suka fara amfani da kilofuromazin a asibitin Sainte-Anne na Faris a 1952 aka san yana kwantar da mutum. Shi da kulozafin da olanzafin da kwetiyafin duk suna toshe hanyar sinadarin histamin a ƙwaƙwalwa, wanda yana cikin sinadaran da ke riƙe mutum a farke. Wasu magungunan kuwa akasin haka suke yi. Haloferidol da arififrazol kan haifar da wani rashin sukuni da ke hana majinyaci zama wuri ɗaya, ƙafafunsa na ta neman motsi, dare ya yi masa tsawo. Abin takaici, akan ɗauki wannan a matsayin tashin cutar, a ƙara masa maganin da ya jawo matsalar. Sannan kulozafin da olanzafin suna sa ƙiba sosai, ƙiba kuma na jawo toshewar numfashi cikin barci, inda mutum ke ta farkawa na ɗan lokaci ba tare da ya sani ba. Irin wannan majinyaci zai yi munshari har hantsi, ya tashi kamar bai runtsa ba.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin abin da na'urar ɗaukar lantarkin ƙwaƙwalwa ke nunawa. A barci mara mafarki ƙwaƙwalwa na fitar da gajerun igiyoyi masu siffar mazari, waɗanda ke tasowa daga sashen talamus, kuma suna da hannu wajen tabbatar da abin da aka koya da rana. Fabio Ferrarelli da abokansa sun ruwaito a 2007 cewa waɗannan igiyoyi sun ragu ƙwarai a wajen majinyata masu shan magani. Daga baya ƙungiyar Dara Manoach a Harvard ta gano raguwar a wajen sababbin majinyatan da ba su fara magani ba, har ma da wasu 'yan uwansu na jini. Abin da wannan ke nufi shi ne raguwar daga cutar take, kuma maganin da ake sha bai mayar da ita daidai ba, komai yawan sa'o'in da ya ƙara.

Sukar da za a iya yi

Mai suka zai ce zaman banza ne ke lalata barcinsu, tunda yawancinsu ba su da aikin da zai tashe su da safe. Katharina Wulff da Russell Foster na Jami'ar Okusfod sun tunkari wannan batu kai tsaye a bincikensu na 2012: sun kwatanta majinyata 20 da masu lafiya 21 waɗanda su ma ba su da aikin yi, na tsawon makonni 6. Dukkan majinyatan barcinsu a rikice yake, kuma rabinsu agogon jikinsu ya kauce wa dare da rana sosai, wasu ba sa barci sai gabanin asuba. Adadin kaɗan ne, amma ya isa ya nuna cewa rashin aiki shi kaɗai bai bayyana lamarin ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Tunda rashin barci na share wa cutar hanya, ashe yawan barci bai fi aminci ba? A lokacin da cutar ke kan ganiyarta, majinyaci na jin muryoyi, ya kwana uku bai runtsa ba, babu mai musun amfanin maganin da zai kwantar da shi. Matsalar ita ce a bar shi a kan wannan adadin magani shekara da shekaru bayan ya lafa. Wanda kullum ba ya tashi sai azahar ba zai koma kasuwa ko makaranta ba, kuma kasala da nauyin jiki suna cikin dalilan da ke sa majinyata daina shan magani a ɓoye, wanda shi ne babban musabbabin dawowar cutar. Wannan ya shafi asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da Dawanau a Kano, domin kilofuromazin da haloferidol, saboda araharsu, har yanzu suna cikin magungunan da aka fi rubutawa a Nijeriya.

Gyaran kuwa ba dakatar da magani ba ne. Likita na iya mayar da mafi yawan ƙwayoyin zuwa dare, ya rage adadi sannu a hankali, ko ya sauya magani, bayan ya tambayi ƙarfe nawa majinyaci ke kwanciya, ƙarfe nawa yake tashi, ko yana munshari, ko yana mugun mafarki. Binciken Sarah Reeve da abokanta na 2019 kan majinyata 60 da cutar ba ta daɗe da kama su ba ya gano cewa kashi 80 cikin 100 suna da aƙalla matsalar barci guda ɗaya, kusan rabinsu kuma na fama da mugun mafarki, yawanci ba tare da an ba su kulawar da ta dace ba. Gwajin da Daniel Freeman ya jagoranta a 2015 kan majinyata 50 ya nuna cewa horon gyaran ɗabi'ar barci ta hanyar tattaunawa, wanda ya haɗa da tsayar da lokacin tashi da fita cikin hasken safe, ya rage rashin barci ƙwarai. Tasirinsa a kan jin muryoyi da ruɗun zargi bai fito fili ba a gwajin, kuma mutum 50 sun yi kaɗan a yanke hukunci da su a kan wannan ɓangare.