Hantsakin Kakata da Makafin Saharar Ostireliya

Kakata tana da wani ɗan hantsaki da take ratayawa a wuya tare da layunta. Kullum bayan la'asar takan kira ɗaya daga cikinmu ya cire mata gashin idon da ya lanƙwashe ciki yana kankare mata ƙwayar ido. Amosanin ido ne. Sai da na girma na gane cewa cutar da ta makantar da ita tana da tarihi har a wata ƙasa mai arziki da ke can ƙarshen duniya.

A shekarar 1968 wani likitan ido mai suna Fred Hollows, haifaffen ƙasar New Zealand da ke koyarwa a Sidni, ya duba wasu dattawan ƙabilar Gurindji. Mutanen nan suna daga cikin 'yan asalin Ostireliya, waɗanda ake kira Aborijin, kuma su ne suka yi yaji daga gandun shanu na Wave Hill a 1966 ƙarƙashin jagorancin Vincent Lingiari, suna neman a mayar musu da ƙasar kakanninsu. Da Hollows ya bi su har matsuguninsu a arewacin ƙasar, sai ya tarar da amosanin ido ya yi kaka-gida a tsakanin yara da tsofaffi, alhali Turawan birane sun daɗe da mantawa da shi.

Cutar ba ta da wuyar fahimta. Ƙwayarta tana yawo ta hannu da tsumma da ƙuda. Idan ta kama yaro sau da yawa, cikin fatar ido yakan yi tabo, fatar ta naɗe, gashin ido ya juya yana gogar ƙwayar har hasken ya dushe. Inda babu ruwan wanke fuska, kuma mutum goma ke kwana ɗaki guda, nan take zama.

Tsakanin 1976 da 1978, da kuɗin gwamnatin tarayya da hannun ƙungiyar likitocin ido ta ƙasar, aka gudanar da gagarumin shirin yaƙi da cutar. Ayarin motoci ya ratsa daji da sahara, ya ziyarci matsugunai 465, ya duba mutane kimanin 100,000, aka yi wa wajen 27,000 magani, aka yi aikin tiyata kusan 1,000. Likitoci da dama sun bar ɗakunan duba marasa lafiyarsu na birni suka shiga aikin a matsayin 'yan sa-kai.

Littattafai sukan tsaya a kan waɗannan alƙaluma. Ni kuwa abin da ya fi jan hankalina shi ne waɗanda suke shiga gari kafin likita. Mutanen da hukuma ta daɗe tana ƙwace musu 'ya'ya ba za su miƙa idonsu ga baƙon Bature don kawai ya zo da fitila ba. Saboda haka 'yan Aborijin ne, irin su Gordon Briscoe da ma'aikaciyar jinya Jilpia Jones, suka riƙa gabatar da ayarin, suna neman izinin dattawa, suna fassara. Hollows ya koyi wannan tun a 1971, lokacin da ya taimaka wajen kafa asibitin unguwar Redfern a Sidni, na farko da 'yan Aborijin suke gudanarwa da kansu.

Wannan haɗin gwiwa bai yi wa kowa daɗi ba. A 1977 gwamnatin jihar Queensland ta Joh Bjelke-Petersen ta sa aka dakatar da aikin a jiharta, bisa zargin cewa ma'aikata biyu 'yan Aborijin, Mick Miller da Clarrie Grogan, suna zuga jama'a su yi rajistar zaɓe. Masu jiran a duba idonsu ne suka biya kuɗin wannan rigima.

Gaskiyar da ba ta da daɗin faɗi ita ce ayarin bai kashe cutar ba. Ya wuce, ya bar ƙudajen da cunkoson da famfunan da ba sa kawo ruwa. Hollows kansa bai ɓoye cewa gidaje da ruwa ne tushen maganin ba. Ya rasu a 1993, aka binne shi a garin Bourke na karkara, kuma shekaru da dama bayansa Ostireliya ta ci gaba da zama ƙasa ɗaya tilo cikin masu arziki da amosanin ido bai bari ba.

Mu ma an taɓa kawo mana irin wannan ayari. Kwana uku suka yi a makarantar firamaren ƙauyenmu, suka yi wa kakata aiki a fatar ido ɗaya, suka ce za su dawo don ɗayan. Ta jira damina biyu, sannan ta sa aka ɗauko mata hantsakinta daga cikin kwalla.